Tutar Najeriya: A Bar Ta, A Yi Mata Kwaskwarima, Ko A Ɗinka Sabuwa?

A ranar 29 ga Mayun 2024 Najeriya ta koma kan tsohon takenta na 1960, wanda aka jingine tun 1978. Cikin 'yan kwanaki majalisa ta gama da ƙudurin, Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu, malaman firamare suka shiga koya wa yara waƙar da su kansu da yawansu ba su taɓa rerawa ba. Tun ranar nake ta juya wata tambaya a raina. In take ya sauyu da wannan sauri, me zai hana wata rana a wayi gari an ce tuta ma ta tsufa? Idan ranar ta zo, hanyoyi uku ne a gabanmu: a bar kore-fari-kore yadda take, a ƙara mata wani abu, ko a sauke ta a ɗinka sabuwa fil. Babu ɗaya daga cikin ukun da wata ƙasa ba ta gwada ba, saboda haka ba sai mun yi ta ƙiyasi ba.

Kafin awo dai, a san abin da ake aunawa. Tuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, da tuta ake naɗa jagoran jihadi na kowane yanki: Modibbo Adama ya karɓa, Buba Yero na Gombe ya karɓa, haka Yakubun Bauchi da Ummarun Dallaji na Katsina. Wanda aka ba tuta an ba shi izini ne, ba ƙyalle ba. Amma tutar da ta fara ɗaukar sunan Najeriya dunƙule ta Turawa ce. Da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka yi shuɗiyar tuta mai ɗauke da tutar Birtaniya a kusurwar sama, a gefe kuma jan da'ira, cikinsa koren tauraro mai tsini shida, da kambin sarautar Ingila da sunan ƙasar a tsakiya. Lugga ya ba da labari daga baya cewa a murfin wata butar tagulla ya ga alamar tauraron, cikin kayan da sojojinsa suka kwasa da suka ci Kontagora a 1901. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon kobo mai huji ya san tauraron nan, domin shi ne ya kewaye hujin. Ka juya kobon a tafin hannunka, gefe ɗaya kambi, ɗaya gefen alwatika biyu sun sarƙe da juna. Shekara 46 wannan tuta ta yi tana kaɗawa.

Da 'yanci ya matso, sai gwamnati ta sa gasa. Wani ɗalibi ɗan Ibadan mai suna Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatun aikin lantarki a Kwalejin Norwood da ke Landan, ya ga sanarwar a jarida, ya zana nasa ya aiko. Zane sama da dubu biyu aka tara. Nasa aka ɗauka a 1959, aka ba shi ladan fam 100, yana da shekara 23. Ga wurin da mutane da yawa ba su sani ba: zanen da ya aiko ba shi ne daidai wanda muke gani yau ba. A tsakiyar farin akwai jar rana mai haskoki. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar ratsi uku a tsaye, kore na albarkar noma da arzikin ƙasa, fari na zaman lafiya. Ita aka ɗaga a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, a daren shiga 1 ga Oktoban 1960. Akinkunmi ya dawo gida ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa, ya rasu a Agustan 2023 yana da shekara 87.

Daga 1960 zuwa yau ba a taɓa ko zare ɗaya a jikinta ba. An yi juyin mulki bayan juyin mulki, an yi yaƙin basasa, an bar fam an koma naira a 1973, an tashi daga Legas an koma Abuja a 1991, an sauya tsarin mulki sau da dama, take ya tafi ya dawo. Tuta tana nan. Wannan shi ne babban jarin masu cewa a bar kaza cikin gashinta, kuma jari ne da ba a saye da kuɗi. A ƙasar da kusan komai ake jayayya a kansa, daga ƙidayar jama'a har rabon arziki, da wuya ka ji Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo ya ce koren nan na wata ƙabila ne ko farin nan na wani addini ne. Ba ta ce komai game da kowa ba, shi ya sa ba ta ɓata wa kowa rai ba.

Akwai kuma sauƙi. Ka ba yaro ɗan aji ɗaya farar takarda da koren fensir guda, ya ja layi biyu, ya shafe dama da hagu, ya gama tutar ƙasarsa. Tela kuwa yadi kala biyu yake buƙata da ɗinki biyu miƙaƙƙu. Ka kwatanta da ɗan Kenya da zai zana garkuwa da masu biyu, ko ɗan Birazil da zai jera taurari 27 kowanne a mazauninsa.

Amma masu sukarta ba maganar banza suke yi ba. Sun ce tutar ba ta da gishiri. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa, mai Neja da Binuwai, mai tarihin Nok da Benin da Borno da Sakkwato, a ce duk abin da ta iya nunawa duniya shi ne kore da fari? Sun ce in iska ta kwanta ta naɗe a jikin sanda, ko rana ta cinye koren, ba ka bambanta ta da labulen shago. Ba ita kaɗai ce mai wannan zubi ba ma: tsibirin Nofok na Ostareliya yana da kore-fari-kore da bishiya a tsakiya, gwamnatin tsirarun Turawa ta Rodeshiya ma ta yi amfani da irinta mai tambari daga 1968 zuwa 1979. Sai dai wannan ƙorafi na kama da juna bai kai ya kawo ba. Chadi da Romaniya tutarsu kusan ɗaya ce, sai mai kaifin ido ke gane bambancin shuɗin. Ta Kodibuwa ita ce ta Ayalan in an juya ta. Duk suna zaune abinsu.

To, hanya ta biyu, wadda ta fi jan hankali, kuma a ganina ta fi haɗari. Mai wannan ra'ayi cewa yake ba rushewa za a yi ba, ɗan ƙari ne kawai. A mayar da jar ranar Akinkunmi, tunda dama ita ce asali. Ko a sa tambarin ƙasa a tsakiyar farin. Ko a jera taurari, kowace jiha da nata, kamar Amurka.

Mu fara da taurarin, don su suka fi saurin faɗuwa. A 1960 yankuna uku ne. A 1963 suka zama huɗu. Gowon ya mayar da su jihohi 12 a 1967, Murtala ya kai su 19 a 1976, Babangida ya kai 21 a 1987 sannan 30 a 1991, Abacha ya cika 36 a 1996. Da alƙalan 1959 sun zaɓi tuta mai ƙirga yankuna, da sau shida ke nan ana kwance ɗinki, kuma har gobe ana neman ƙarin jihohi. Amurka ta jure wannan, fasali 27 tutarta ta yi kafin ta tsaya a taurari 50 a 1960, amma ita tun 1818 take da dokar ƙara tauraro duk lokacin da aka sami sabuwar jiha. Mu da mun fara, rigimar ƙirƙiro jiha za ta haɗu da rigimar tuta, a rasa ta kamawa. Sai kuma a tambayi ko Abuja tana da tauraro.

Jar ranar fa? A 1959 ba ta da laifin komai, alama ce ta sabuwar safiya kawai. Amma tarihi ya bi ta kanta. Daga Mayun 1967 zuwa Janairun 1970 an ɗaga tutar Biyafara mai ja da baƙi da kore, da rabin rana mai haskoki goma sha ɗaya a tsakiya. Tun daga nan rana a jikin tuta ta daina zama rana kawai a ƙasar nan. Ka mayar da ita yau, wani zai ce an rarrashi masu neman ɓallewa, wani zai ce an sace musu alama, na uku kuma zai ce jan jinin wa ake nufi. Ga kuma kamar da za ta yi da ta maƙwabciyarmu Nijar, wadda tun Nuwamban 1959 take da da'ira mai ruwan lemo a tsakiyar farin tutarta. Alƙalan da suka goge ranar nan ba su san abin da ke tafe ba, amma sun yi mana rana, in an yarda da wasa da kalma.

Tambari a tsakiya shi ya fi sauƙin kuskure, domin tuni ana ganin irinta a hannun masu sayar da ƙananan tutoci a bakin titi gab da bikin 'yanci. Matsalarsa ta aiki ce. Dawakai biyu farare a kan farin yadi, jar mikiya, baƙar garkuwa, furanni, da rubutu a ƙasa: daga nisan taku hamsin duk sun zama ɗigo guda. Yaron nan mai koren fensir kuma an fitar da shi daga wasan.

Ƙasashen da suka bi hanyar kwaskwarima sun bar mana darasi mai kyau. Gana ta samu 'yanci a 1957 da tutar da Theodosia Okoh ta zana, ja da rawaya da kore da baƙin tauraro. A 1964 Nkrumah ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, ya cire rawayar ya sa fari don ta yi daidai da launin jam'iyyarsa. Shekara biyu kacal, sojoji suka kifar da shi a 1966, rawaya ta dawo. Malawi ta fi ban dariya. Tutarta ta 1964 tana da jar rana mai fitowa a kan baƙin ratsi. A 2010 Shugaba Bingu wa Mutharika ya ce ai ƙasa ta ci gaba, rana ta gama fitowa, sai aka sa cikakkiyar farar rana a tsakiya aka sake jerin launukan. Jama'a na fama da layin mai, ana ce musu rana ta take. Ya rasu a Afrilun 2012, kafin ƙarshen Mayu majalisa ta dawo da tsohuwar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, an kashe kuɗi sau biyu an dawo inda aka tashi.

Ba duka ne suka wargaje ba. Muritaniya ta ƙara jan ratsi biyu, sama da ƙasa, a kan koriyar tutarta mai jinjirin wata da tauraro, bayan ƙuri'ar raba gardama ta Agustan 2017, don tunawa da jinin waɗanda suka kare ƙasa. Har yanzu tana nan. Amma a ƙuri'ar nan aka cusa batun soke majalisar dattawa, manyan 'yan adawa suka ƙaurace, saboda haka ko a can akwai masu kallon jan ratsin a matsayin sa hannun Shugaba Ould Abdel Aziz. Kamaru kuma ta mayar da taurari biyu zuwa ɗaya a 1975, bayan an soke tarayya. Ƙaramin gyara ne a ido, amma masu magana da Ingilishi a yammacin ƙasar ba su manta cewa tauraronsu ne ya ɓace ba. Abin da na fahimta shi ne, a tuta babu ƙaramin gyara. Duk abin da ka ƙara sai an tambayi na wane ne, duk abin da ka rage sai an tambayi wa aka cire.

Saura hanya ta uku, sabuwa fil. A nan ne ake da labarai mafi daɗi, kuma su ne ke ruɗar mutane. Kowa yana kawo misalin Afirka ta Kudu. A 1993 an buɗe gasa, zane wajen dubu bakwai suka shigo, ba a samu ko ɗaya da ya gamsar ba. Zaɓe na ƙaratowa, aka ɗora wa Frederick Brownell, jami'in da ke kula da tambarin ƙasa, ya fito da zanen nan mai launi shida da hanyoyi biyu da suka haɗe suka zama ɗaya. A Maris ɗin 1994 aka amince, aka ɗaga ta ranar 27 ga Afrilu, ranar zaɓen farko da baƙar fata suka jefa ƙuri'a tare da kowa. Ta wucin gadi aka ce, amma mutane suka rungume ta har tsarin mulkin 1996 ya tabbatar da ita. Me ya sa ta karɓu? Ba kyan zane kaɗai ba ne. Tsohuwar tuta ta mulkin wariyar launin fata ce, mafi yawan 'yan ƙasa ba su taɓa ɗaukarta tasu ba. Ƙasar ce ta sauya, tuta ta biyo baya. Haka Ruwanda a 2001, da ta ajiye tuta mai ja wadda ke tuna wa mutane kisan ƙare dangi na 1994, ta ɗauki shuɗi da rawaya da kore.

Kanada ta sha wuya kafin ta kai ga tutarta ta yanzu mai jan ganye a tsakiya. Firaminista Lester Pearson yana da dalilai biyu masu nauyi. Masu magana da Faransanci a Kebek ba sa ganin kansu a tutar da ke ɗauke da ta Birtaniya, kuma shi da kansa ya ga yadda Masar ta yi ɗari-ɗari da sojojin kiyaye zaman lafiya na Kanada a rikicin Suwez na 1956 saboda kamarsu da na Ingila. Duk da haka sai da majalisa ta yi watanni tana cacar baki a 1964, tsohon firaminista Diefenbaker ya kafe, aka kafa kwamitin mutum 15, daga ƙarshe aka tilasta rufe muhawara aka jefa ƙuri'a, 163 da 78. An ɗaga sabuwar ranar 15 ga Fabrairun 1965. Yau da wuya ka sami ɗan Kanada mai son komawa. To amma lura, abin da Kanada ta yi a 1965 shi ne abin da mu muka riga muka yi a 1960: sauke tutar uwar gijiya.

Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne Niyuzilan, kuma shi ne ba a cika kawowa ba. Babu juyin juya hali, babu yaƙi, firaminista John Key ne kawai yake ganin tutarsu ta yi kama da ta Ostareliya kuma tana ɗauke da ta Birtaniya. An bi duk ƙa'ida. An karɓi zane sama da dubu goma, an kafa kwamiti, an ware dalar ƙasar miliyan 26, an yi ƙuri'ar raba gardama har sau biyu. A Maris ɗin 2016 kusan kashi 57 cikin ɗari suka ce a bar musu tsohuwar. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Su ma ke nan da tutarsu ke da tabon mulkin mallaka a zahiri. Ina ga mu da tamu ɗan ƙasa ne ya zana ta?

Wanda kuma yake ganin ai shugaba mai ƙarfi zai iya yanke hukunci a huta, ya dubi Libiya. Gaddafi ya mayar da tutar koriya zalla a 1977, babu rubutu babu alama. Shekara 34 tana sama, amma ba ta taɓa wuce zama tutar Gaddafi ba. A 2011 tun kafin gwamnatinsa ta faɗi, masu tawaye a Bengazi suka zaro tutar masarauta ta 1951 suka ɗaga. Jamhuriyar Benin ma ta yi koriya mai jan tauraro a 1975 zamanin mulkin gurguzu na Shugaba Kereku, 1990 na zuwa aka koma ta asali.

Akwai kuɗi ma, ko da yake ba shi ne kan gaba ba. Tuta ba a sanda kaɗai take ba. Tana kafaɗar soja da ɗan sanda, tana jikin jiragen sama da na ruwa, tana ofisoshin jakadanci, tana littattafan makaranta, tana kan teburin kowane shugaban ƙaramar hukuma 774. Launinta ya bi rigar 'yan ƙwallo ya zauna. Take ana sauya shi da baki, tuta kuwa sai an ba da kwangila, kuma mun san yadda kwangila take ƙarewa.

In aka ɗora ukun a sikeli, ni dai ga inda na tsaya. Sabuwar tuta tana yin kyau ne a ƙasar da ta wayi gari ta zama wata ƙasa dabam, wadda tsohuwar tutarta ta zama abin kunya ga mafi yawan jama'arta. Najeriya ba ta cikin wannan hali. In wata rana aka zauna aka sake ƙulla zaman tarayyar daga tushe, da yardar kowane ɓangare, to a ranar ana iya buɗe maganar, kuma a bi ta ƙuri'ar jama'a, kada a yi irin gaggawar da aka yi wa take. Kwaskwarima kuwa ita zan fi gudu, domin tana da tsadar sauyi ba ta da ribarsa, garin neman gira a rasa ido. Saura ta farko, kuma ita na zaɓa.

Sai dai bari ba ya nufin sakaci, kuma a nan ne nake ganin akwai aikin yi. Kwanaki na tsaya a ƙofar wata ma'aikata ina jiran wani, na ɗaga kai na ƙirga tutoci uku a harabar. Ta kan dogon sanda ta koɗe ta koma ruwan toka, bakinta ya zare kamar gezar rawani. Ta bakin ƙofa korenta mai duhu ne kamar ganyen mangwaro. Ta jikin motar shugaban wurin kuwa kore shar, kamar ɗanyen lemon tsami. Uku, kuma babu biyu da suka yi daidai, har faɗin ratsin ma ya bambanta. Alhali ƙa'idar a bayyane take: tsawo ninki biyu na faɗi, ratsi uku daidai wa daida. Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta, akwai kuma dokar tuta da tambari tun 1960. Indiya tana da ma'auni a rubuce na launi da girma da irin yadin da za a yi tutarta da shi. Afirka ta Kudu ta sa bayanin tata, har da faɗin kowane ratsi, a jikin tsarin mulki. Faransa a 2020 ta ƙara wa shuɗin tutar fadar shugaban ƙasa duhu, aka fi shekara kafin jama'a su farga.

Irin wannan gyaran nake goyon baya: a buga kore guda ɗaya da lambarsa, a raba wa masaƙu da maɗaba'u da teloli, a sa wa kowace ma'aikata lokacin da za ta sauke wadda ta koɗe ta ɗaura sabuwa. Mai gadin ma'aikatar nan da na nuna masa ta saman sandar, ɗaga kai ya yi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi Malam, tun da na kama aiki a nan ita ce."